Sawu Uku a Ɗakin Maman Gisa

Shekara tara ke nan ina shugabancin unguwarmu. Ba albashi a ciki, sai tafiyar ƙafa da zagin bayan ido, amma ba zan ɓoye ba, ina son abin. Ina son a kira sunan unguwarmu a babban zauren birni, ni Dansila in miƙe tsaye, shugabannin sauran unguwanni suna kallona ta wutsiyar ido.

A farkon kowace shekarar aiki hukumar birni takan tara mu, kowa ya sa hannu a kan alkawarin abin da unguwarsa za ta cim ma, wanda muke kira imihigo. Idan shekara ta zagayo masu dubawa su bi gida-gida da takardunsu, daga baya magajin gari ya karanta sakamako a bainar jama'a, daga na ɗaya har na ƙarshe. Ba a dukan kowa, ba a cin tarar kowa. Kunya ce kawai, mu kuwa a nan mun gwammace bulala da ita. Bara unguwarmu ta zo ta goma sha bakwai cikin ashirin, na fito daga zauren ban san ta wace ƙofa na bi ba.

Babban alkawarin bana shi ne kada a bar gida ko ɗaya da daɓen ƙasa, kowane ɗaki a zuba masa siminti. Kuma na yarda da shi har cikin raina, don ni na san yawan yaran da na cire wa ƙwarin daɓen ƙasa daga ƙarƙashin farcen ƙafa da allura suna ihu. Gida ɗari da goma sha huɗu gare mu. Masu hali suka yi nasu, marasa hali hukuma ta ba su siminti, mu kuma muka ba da ƙarfinmu a aikin gayyar da muke yi Asabar ɗin ƙarshen kowane wata. Kafin ruwa ya ɗauke mun gama ɗari da goma sha uku. Saura gidan Maman Gisa.

Tsohuwa ce da ta ba saba'in baya, gidanta yana can gindin tudu, dab da titi. Ta riga birnin zuwa wurin, don lokacin da aka kawo ta amarya duk gonar ayaba ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita kaɗai take zaune da akuyoyinta biyu, idanunta sun yi yana har ba ta gane mutum sai ya yi magana. Kowa Maman Gisa yake ce mata, amma ba wanda ya taɓa ganin Gisan. Baƙi sukan ɗauka yana can babban birni yana aiki, mu kuma ba mu tambaya, don a wurinmu tambayar mutum abin da bai faɗa ba rashin tarbiyya ne.

Sau uku ana kai mata siminti tana mayarwa. Ba ta faɗa da kowa, sai ta ce an gode, a kai wa masu yara.

Jami'in hukumar birni da ke kula da ɓangarenmu, Rutayisire, mutum ne mai ladabi da tsinin takalmi. Ya tare ni a ƙofar ofis ya ce, "Mama Shugaba, gida ɗaya fa. Gida ɗaya ne zai hana ki ɗari bisa ɗari?"

"Tsohuwa ce, ranka ya daɗe. A hankali ake bi da su."

"Sati biyar ya rage, rana kuwa ba ta ƙarya. Unguwar da ke bayanku sun gama tun watan jiya. Shugabansu har ya ɗinka sabuwar kwat."

Maganar kwat ɗin nan ce ta kwana tana cina. Gari na wayewa na gangara gidan Maman Gisa, ko sallamar kirki ban yi ba.

"Mama, me na yi miki ne? So kike in sake shan kunyar bara?"

"Zauna, Dansila, kin cika mini ɗaki da huci. Kin sha kunu?"

"Ba kunu ya kawo ni ba. Me ya haɗa ki da siminti?"

"Sanyi gare shi."

"Sai ki shimfiɗa tabarma."

"Akuyoyina za su zame."

"Akuyoyinki a waje suke kwana, Mama. Kada ki mai da ni yarinya."

Ta yi dariya har da tari. Can ta ce in buɗe ƙofa gaba ɗaya, in ja akwatin da ke jikin bango. Tsohon akwatin katako ne mai gajerun ƙafafu. Na ja shi ina ƙunƙuni. Da farko ban ga komai ba sai wasu 'yan ramuka a ƙasa. Sai da hasken safiya ya kwanto ta ƙofa ya bi ta kansu, na ga ashe sawu ne. Sawun yaro guda uku, kowane bai kai tsawon tafin hannuna ba, har da 'yan yatsu.

"Ranar da muka yi wa ɗakin nan daɓe, ni da babansa, Gisa yana koyon tafiya," in ji ta. "Na ajiye shi a waje. Ina juyowa sai ga shi a ciki, laka ɗanya. Taku uku ya yi ya faɗo a cinyata yana dariya. Babansa ya ɗebo ruwa zai shafe, na ce ya bari. Ƙyanda ta ɗauke shi kafin in yaye shi."

Na tambaye ta ko akwai hotonsa. Ta ce wa yake da abin ɗaukar hoto a lokacin. Na tambayi kabarinsa.

"A bayan gida aka binne shi, cikin ayaba. Da aka zo yanka titi aka ce kowa ya kwashe nasa. Muka tona, ba mu sami komai ba, ƙasa ta riga ta cinye. Yanzu motoci ke bi ta wurin. Nan ne kaɗai ya taka duniya ya bar alama."

Shekara arba'in da shida tana sabunta daɓen ɗakin, duk shekara tana kewaye wannan ɗan wurin. Tun da idonta ya dushe, da yatsu take dubawa kowace safiya. Ta durƙusa a gabana ta ɗora hannu, yatsunta suka faɗa cikin sawun ba tare da lalube ba.

"To me ya hana ki faɗa, Mama? Da an sani ai ba mai matsa miki."

"Don a yi ta zuwa ana leƙe ana cewa Allah sarki? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ke ma don kin tsaya mini a wuya ne. Ki rantse mini ba wanda zai ji."

Na rantse. Na fito ina share hawaye da bakin mayafi, tausayinta ya cika mini zuciya. Amma gaskiya ɗaya ce, kafin in kai kan tudu na koma tunanin ɗari da goma sha ukuna.

A cikin alkawuran shekarar akwai wani kuma, na kai tsofaffi asibiti a cire musu yanar ido. Shekara biyu ina bin Maman Gisa tana ƙi. Bayan kwana kaɗan da wannan safiya sai ga ta da kanta a ƙofar gidana tana dogara sanda, wai in rubuta sunanta.

"Tun ranar da na nuna miki nake jin haushi," ta ce. "Ke kin gani, ni uwarsa ban gani ba. Shekara shida rabona da ganinsu. Hannu yana gani, amma ba kamar ido ba."

Aka sa mata rana. Za ta yi sati biyu a gidan 'yar ƙanwarta kusa da asibiti, don ido ɗaya ake fara yi sannan ɗayan. Ta ba ni makullin ɗakinta saboda dusar akuyoyi tana ciki. Na ƙulle shi a haɓar zanena.

Bayan ta tafi, a taron unguwa ne Domitila ta miƙe. Maƙwabciyar Maman Gisa ce, katanga ɗaya ta raba su. Mace ce mai kirki, ita ke kai wa tsohuwar dafaffiyar ayaba da wake idan ba ta da lafiya, sai dai tsabtarta ta yi yawa, har titin hukuma take sharewa.

"Jama'a, ni na gane abin da ke damun tsohuwar nan," in ji ta. "Kunya take ji, ba ta son a ce an yi mata. To mu yi mata tana can. Ta dawo da sabon ido ta tarar da sabon ɗaki."

Wuri ya ɗauki tafi. Na ce, "Ina ganin mu jira ta dawo."

Kalisti magini, wanda ya zuba simintin rabin gidajen unguwar, ya kwashe da dariya. "Shugaba, yau ke ce da jira? Ke da kika fito da ni daga bikin 'yata na je na kwaɓa siminti da kwat a jikina?"

Aka yi ta dariya. Wani ya tuna mana cewa masu dubawa ranar Talata za su zo, tsohuwa kuwa sai Alhamis. Makulli yana haɓar zanena, ina jin sanyinsa a cinyata. Da na ce ba zan bayar ba, da magana ta ƙare, don ba mai fasa ƙofar tsohuwa. Na gaya wa kaina ba ni da dalilin da zan bayar sai na karya rantsuwa. Ƙarya nake yi wa kaina. Ina son sawun su tsira, ina kuma son a ce ɗari bisa ɗari, na manta taura biyu ba ta taunuwa.

Sai na yi dabara, har ina yaba wa kaina. Ranar Asabar na riga kowa zuwa. Na ja akwatin, na kifa babban bahon wanki a kan sawun. Da Kalisti ya iso na ja shi gefe.

"Ka kewaye bahon nan da katako. Kada siminti ya taɓa wurin, kada kuma ka ɗaga."

"Me ke ciki, Shugaba? Ko tsohuwa ta binne zinariya ne mu raba?"

"Abin da ya kawo ka shi za ka yi."

Ya yi yadda na ce. Maza suna kwaɓi, mata suna ɗebo ruwa ana waƙa, ni kuwa ina tsaye a kan bahon kamar kaza a kan ƙwai. Kafin rana ta take an gama. Ɗaki ya yi kyau, ba na musu. Ga baho nan a lungunsa, katako ya kewaye shi, ba abin da ya taɓa shi. Na koma gida ina jin ba mai wayona a birnin nan.

Sabon siminti yana son a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana uku, in ba haka ba ya tsage. Gidana yana kan tudu, ga shi Lahadi da Litinin zan wuni tare da Rutayisire muna bin takardu, itatuwan da aka dasa, masai, katin asibiti. Domitila ta ce in ba ta makulli, ai taku biyar ne daga ƙofarta. Na ba ta. Na buɗe baki zan ce kada ta taɓa bahon, sai na tuna halinta, abin da aka ce kada ta taɓa shi za ta fara taɓawa. Sai na fasa.

Litinin da la'asar ina dawowa daga ofis na gamu da ita a bakin famfo tana wanke hannu.

"Shugaba, ku gode mini," ta ce tana murmushi. "Ashe Kalisti aikin rabi ya yi. Na ɗaga bahon nan zan share, sai ga ƙasa tsirara, duk ramuka kamar kaji sun yi tono. Na ce gobe baƙi su zo su ga wannan? Na kwaɓa laka da kashin shanu na shafe shi sumul. Je ki gani, kamar bayan faranti."

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Na tarar da wurin da sauran danshi, ya kwanta luf, ba ko ɗigon rami. Na durƙusa na fara kankarewa da farce a hankali, ina fatan sabuwar lakar a sama kawai take. Amma Domitila ta iya aiki. Sai da ta jiƙa tsohon daɓen ta farfasa samansa don sabon ya kama, kamar yadda iyayenmu suka koya mana duka. Babu komai a ƙasa. Na mayar da lakar da na kankare, na shafe da tafin hannuna. Na zauna a wurin har akuyoyi suka fara kukan yunwa.

Talata masu dubawa suka zo. Na riga na mayar da akwati a kan wurin. Suka leƙa daga bakin ƙofa, ɗayansu ya buga siminti da dunduniyar takalmi, ya yi alama a takardarsa. Rutayisire ya matso ya ce mini a hankali, "Ɗari da goma sha huɗu, Mama Shugaba. Kin fita kunya." Na ce masa na gode.

Ranar Alhamis da hantsi rabin unguwa ya taru a ƙofar gidan. Mata sun ci ado, an dama kunun dawa a babbar tukunya. Maman Gisa ta sauko daga mota da baƙin tabarau, ba sanda a hannunta. Aka rangaɗa guɗa. Ta tsaya tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, tana dariya kamar yarinya.

"Domitila, ashe kin yi furfura ba ki gaya mini ba? Kalisti, wannan tumbin na yaushe ne? Ni na ɗauka har yanzu siriri ne kai."

"Ƙarasa ciki, Mama," in ji Kalisti, "ki ga abin da mai tumbi ya yi miki."

Ta taka zuwa ƙofa, ta tsaya. Ta daɗe tana kallon simintin. Sannan ta juyo, cikin duk taron nan ni ta nema. Na sunkuyar da kai.

Domitila ta kama hannunta. "Har ƙarƙashin akwatin na gyara miki, Mama. Duk ramukan nan na cike su."

Ina kusa, na san ta gane abin da aka yi. Amma ita 'yar mutanen da ce. Ta juyo ta fuskanci jama'a ta yi godiya yadda ake yi, ta kira sunan kowa, ta sa wa masu kwaɓi albarka, ta sa wa masu ɗebo ruwa. Ta riƙe hannun Domitila da hannu biyu ta ce Allah ya ba ta masu yi mata. Aka sha kunu, aka watse ana cewa tsohuwa ta ji daɗi ƙwarai.

Ni kaɗai na rage. Ta ce, "Ja akwatin."

Na ja. Ta cire tabarau, duk da likita ya hana, ta durƙusa. Ta daɗe tana kallon wurin da sababbin idanunta. Ta ɗora hannu, yatsunta suka je daidai inda suka saba zuwa, suka tsaya a kan laka mai santsi. Na faɗa mata komai, taron da bahon da makullin, ban rage ba, har da abin da ke raina lokacin da na yi shiru. Ina magana ina kuka.

"Mama, ki zage ni. Ki ɗauki sandar can ki dake ni."

"In na zage ki me zai dawo?" Ta shafa wurin. "Hannun Domitila yana da kyau. Kada ta ji, Dansila. Alheri ta yi, kada a mayar mata da shi ciwo. Tashi ki je gida, ina so in kwanta."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko ranar da na binne mahaifiyata, don ita ba ni na jawo ba.

Bayan sati biyu aka yi taron shekara a babban zaure. Magajin gari ya karanta ci gaban da birni ya samu, gidajen da aka zuba wa siminti, itatuwan da aka dasa, tsofaffin da suka dawo suna gani. Duk gaskiya ne, ba ƙari a ciki. Unguwarmu ta zo ta biyu, mai sabuwar kwat ya riga mu da itatuwa. Aka kira sunana na je na karɓi takardar yabo, Domitila tana guɗa daga baya.

Washegari na gangara da dusar akuyoyi, don tun ranar Alhamis ɗin nan kullum sai na sami dalilin zuwa. Na tarar da ita zaune a bakin gado. Akwatin yana jikin wani bango daban, ba ta mayar da shi ba.

"Na ji guɗar Domitila jiya da ta dawo," ta ce. "Mun zo na nawa?"

"Na biyu, Mama."

"To, an yi ƙoƙari." "Ki ce wa Kalisti ya zo ya ƙarasa wurin nan. Kullum na buɗe ido shi nake fara gani. Yanzu kuma ina gani sosai."

Kalisti ya zo da rabin buhun siminti a kafaɗa. Ya fara zolayar zinariya, ya dubi fuskokinmu, ya haɗiye sauran. Ni na ɗebo masa ruwa. Aikin bai kai rabin awa ba, ya wanke kayansa ya tafi. Maman Gisa ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa da sanda a hannu tana korar kaji, kada wani abu ya taka kafin ya bushe.